Shin sai da izini za mu yi taron ƙungiya a filin gwamnatin Amurka?

Sakatare:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Kamar yadda aka tsayar a zamanmu na ƙarshe, taron bana ba a zauren haya za a yi shi ba, jeji za mu fita mu kafa tantuna mu kwana biyu, nan da wata huɗu idan Allah ya kai mu. Waɗanda suka rubuta suna sun kai 90 idan aka haɗa da yara. An amince kowane gida zai ba da karo-karo don abinci da hayar banɗakin tafi-da-gidanka, matasa kuma sun nemi a shirya musu tseren gudu tare da 'yar kyautar kuɗi ga wanda ya zo na ɗaya. Wurin da muka leƙa fili ne fetal a arewacin jihar Nebada, babu shinge, babu mai gadi, babu ko allon da ya hana shiga. Sai ga shi jiya wani abokin aikina ya ce mini taro irin wannan sai da takardar izini. Ina roƙon wanda ya san hanyar abin ya fahimtar da mu kafin in sa sanarwa a shafinmu na Facebook.

Kawu:
Wa alaikumus salam. Sakatare, ɗana, abokin aikin naka ya tsorata ka ne kawai. Na fi shekara 20 a ƙasar nan, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ɗauki iyalina mun kwana a irin wannan fili, babu wanda ya taɓa tambayata ko da guntuwar takarda. Sunansa filin jama'a, da harajinmu ake kula da shi, to ta yaya mutum zai nemi izinin shiga gonar da yake cikin magadanta?

Mai Tanti:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar ta tsaya a kan mutum da iyalinsa. A yawancin filayen da hukumar BLM, wato hukumar kula da filaye ta gwamnatin tarayya, ke riƙe da su, kowa yana iya kafa tanti kyauta har kwana 14 a wuri ɗaya ba tare da ya sanar da kowa ba, shi ya sa ba a taɓa tare ka ba. Mutum 90 da motoci fiye da 20 da janareta da tsere kuwa wata magana ce dabam.

Kafin ma a je nan, tambayar farko ita ce: filin na wane ne? Gwamnatin tarayya tana da eka kusan miliyan 640, wato kimanin kashi 28 cikin ɗari na faɗin Amurka, amma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. BLM, wadda aka kafa a 1946, tana da kimanin eka miliyan 245. Hukumar Dazuzzuka, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma tun 1905, tana da eka miliyan 193. Ga kuma Hukumar Wuraren Shaƙatawa ta Ƙasa da aka kafa a 1916, mai kula da irin su Yellowstone, ga hukumar kifi da namun daji, ban da filayen jihohi da na ƙananan hukumomi da na ƙabilun asali, waɗanda ke da mulkin kansu. Kowace da dokarta da fom ɗinta, izinin wannan ba ya aiki a ƙasar waccan.

Nebada kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasarta na tarayya ne, don haka da wuya a ce filin ba na BLM ba ne. Sai dai arewacin jihar yana da tarko guda. Lokacin da ake shimfiɗa layin dogo a shekarun 1860, gwamnati ta riƙa bai wa kamfanin jirgin ƙasa murabba'in mil ɗaya, ta riƙe na kusa da shi, haka har nisan mil 20 ta kowane gefen layin, sai taswirar yankin ta zama kamar gurbin dara. Har yau mutum yana iya ajiye mota a filin gwamnati ya taka 'yan taku ya shiga filin wani makiyayi bai sani ba, domin ba ko'ina ake da shinge ba. Sakatare, ka ɗauko lambobin wurin daga wayarka ka duba su a taswirar mallakar filaye kafin komai.

Sakatare:
Na duba yanzu, Yaya, na BLM ne, kuma yana nesa da layin dogo. To mutum nawa ne iyakar da idan aka wuce sai an nemi izini?

Ɗalibar Lauya:
Malam Sakatare, a nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin BLM ba ta da adadi ɗaya da ya game ƙasar baki ɗaya. Kowane ofishin yanki yana duba tsarin amfani da filin da ke hannunsa, wani wurin mutum 15 sun isa a nemi takarda, wani wurin kuma a bar ninkin haka su wuce. Abin da dokokin hukumar suka fi kallo shi ne yanayin taron, kuma a abin da ka lissafa akwai abubuwa uku da kowannensu shi kaɗai zai iya jawo buƙatar izini.

Na farko shi ne tseren. A ma'anar hukumar, duk wasan da mutum biyu ko fiye za su fafata, kuma aka rubuta sunayen masu shiga ko aka shata hanyar da za a bi tun da farko, gasa ce. Ofishi yana da ikon yafe neman izini ga gasa, amma da sharaɗin babu kasuwanci a ciki, babu kyautar kuɗi, ba a tallata ta ga jama'a ba, ba za ta ɓata ƙasa ko ruwa ba, kuma ba ta buƙatar ma'aikaci ya tsaya a kanta. Kyautar kuɗin da matasanmu ke so, komai ƙanƙantarta, ta rufe wannan ƙofa.

Na biyu shi ne sanarwar da kake shirin sawa. Idan a rufaffen zauren 'yan ƙungiya ne, ba matsala. Idan kuwa a buɗaɗɗen shafi ne da ke cewa kowa ya zo, an tallata ke nan, idan har aka biya Facebook kuɗi don ya yaɗa sanarwar, to taron ya faɗa rukunin kasuwanci kai tsaye. Na uku shi ne kuɗin da ake tarawa, wanda na bar wa Hajiya ta faɗa mana yadda aka tsara shi.

Akwai kuma batun lokaci. Ƙa'idar ita ce a miƙa fom mai lamba 2930-1 aƙalla kwana 180 kafin ranar taro, wato wata shida, mu kuwa wata huɗu ya rage mana.

Hajiya Ma'aji:
Ƙanwata, na gode da wannan bayani, amma ban gane inda kasuwanci ya shigo ba. Ƙungiyarmu rajistar ba-riba gare ta, babu wanda ke sa sisi a aljihunsa. Abin da kwamiti ya tsara shi ne a ɗan ɗora wani abu a kan ainihin kuɗin abinci da banɗaki, rarar ta shiga asusun tallafin karatun yara. Idan wannan kasuwanci ne, to ban san mene ne sadaka ba.

Ɗalibar Lauya:
Hajiya, niyyar mai kyau ce, amma dokar ba niyya take aunawa ba. Ta faɗa ƙarara cewa idan an karɓi kuɗin da ya wuce raba ainihin abin da aka kashe tsakanin mahalarta, amfanin ya zama na kasuwanci, kuma kasancewar ƙungiya ta ba-riba ko ta ilimi bai fitar da ita daga wannan hukunci ba. Tara kuɗi don aikin alheri ma a ciki yake. Wanda ya faɗa wannan rukuni ana karɓar kashi 3 cikin ɗari na jimillar abin da ya tara, ana kuma neman inshorar da aka rubuta sunan gwamnatin Amurka a cikin waɗanda ta kare. Idan duba takardun ya ci wa ma'aikata fiye da awa 50, mai nema ne zai biya kuɗin aikin nasu. Shawarata ita ce a raba tukunya biyu: karo-karon jeji ya tsaya daidai da rasit, abin da ya yi saura a mayar wa masu shi, tallafin karatu kuma a tara shi a gari a wata rana dabam.

Kawu:
To kun ji irinta. Ni ba na gardama da abin da ke rubuce, 'yata ta karanta, ni ban karanta ba. Abin da nake ƙi shi ne tushen abin. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan ya ba mutane 'yancin taruwa cikin lumana, amma an wayi gari sai ka cika fom, ka jira wata shida, wani ma'aikaci da bai san ka ba ya ga dama ya ce e ko a'a. Yau ya ce ƙasa za ta lalace, gobe me zai hana ya hana mu don sunayenmu ba su yi masa ba? Wanda aka ba ikon cewa e, an ba shi ikon cewa a'a.

Injiniya:
Kawu, tsoron da ka ambata ba na banza ba ne, kuma ba kai ka fara shi ba. Akwai wasu mutane da ake kira Rainbow, waɗanda tun 1972 suke taruwa dubbai a dazuzzukan tarayya a makon farko na Yuli, kuma sun daɗe suna ƙin sa hannu a takardar izini bisa hujjar cewa ba su da shugaba, babu wanda zai yi magana da yawun saura. An sha kai ruwa rana da su a kotu, kotuna kuwa sun tsaya a kan cewa neman izinin bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Amma ni ta wajen ƙasar nake kallon abin, domin aikina ya sa na san hamada. Filin da Sakatare ya kira fetal ba fanko ba ne. A wurare da yawa saman ƙasar yana da wani ɓawo mai rai, haɗakar gansakuka da ƙananan halittu, wanda shi ke riƙe ƙasar kada iska ta kwashe ta. Tayar mota ɗaya ta murƙushe shi, sai ya ɗauki shekaru masu yawa bai dawo ba. Iyali ɗaya ba sa yin ɓarnar da za a gani, motoci 20 da suka fake inda suka ga dama kuwa suna barin tabon da jikokinmu za su tarar. Haka kuma akwai wuraren da ke da kufai da kaburburan ƙabilun asali, waɗanda ba a sa musu alama da gangan don kada ɓarayin kayan tarihi su gane su. Kai da ni ba mu san inda suke ba, ma'aikacin ofishin ne ke da taswirarsu, kuma dokar kare kayan tarihi ta 1966 ta wajabta masa ya duba kafin ya ba da izini. Ga wuta: kusan kashi 85 cikin ɗari na gobarar daji a ƙasar nan mutane ne sanadinta, kuma watan da muka zaɓa yana iya faɗawa lokacin da ake hana hura wutar itace da gawayi ɗungurungum.

Duba bikin Burning Man, wanda ake yi a hamadar Black Rock, can arewacin Nebada, tun 1990. Mutum wajen dubu 70 ke taruwa, kuma da wannan izini na BLM ɗin suke yi. Bayan an watse ma'aikata suna bin filin suna aunawa, sharar da aka bari ba za ta wuce murabba'in ƙafa ɗaya a kowace eka ba. A 2023 ruwan sama ya mayar da filin taɓo, dubban mutane suka maƙale kwanaki ba shiga ba fita. Da a ce babu wanda ya san adadinsu da hanyoyin da aka tsara musu, da labarin ya fi haka muni. Mu 90 ne kawai, amma idan yaro ya faɗi a wajen tsere, motar asibiti tana buƙatar sanin inda za ta same mu.

Ɗalibar Lauya:
Kawu, game da tsoron nuna bambanci, Kotun Ƙoli ta yi magana a kai. A 2002, a shari'ar da wani mai suna Thomas ya kai hukumar wuraren shaƙatawa ta Shikago, alƙalai baki ɗaya sun amince da dokar da ke neman izini ga taron da ya wuce mutum 50, bisa dalilin cewa dokar ba ta duba abin da za a faɗa a taron, kuma ta iyakance dalilan da ma'aikaci zai iya ƙin bayarwa. Shekara 10 kafin nan, a 1992, kotun ta soke dokar wata ƙaramar hukuma a jihar Jojiya da ta bar ma'aikaci ya yanka kuɗin izini gwargwadon yadda yake ganin jama'a za su fusata da masu taron. Ke nan ana iya tsara lokaci da wuri da yadda za a yi, amma ba a iya hana mu don su wane ne mu. Shi ya sa nake son mu nema a rubuce: wanda aka hana a rubuce yana da abin ɗaukaka ƙara, wanda bai nema ba kuwa ba shi da bakin magana ranar da jami'i ya iso da takardar tara.

Malam Liman:
Allah ya saka da alheri. Tambayata gajeriya ce. Za mu yi sallolinmu cikin jam'i a wurin, kuma akwai ɗan wa'azi da dare. Shin wannan ma sai an nemi masa izini na dabam?

Ɗalibar Lauya:
Allah gafarta Malam, ba a neman izinin salla don ita salla ce, yawan jama'a da tasirinsu a wurin ake dubawa. A wuraren shaƙatawa na ƙasa ma, inda doka ta fi tsauri, taron ibada yana rukuni ɗaya da jawabi da zanga-zangar lumana, kuma tun 2010 mutum 25 ko ƙasa da haka ba sa buƙatar takarda a wuraren da aka keɓe don hakan. Idan sun fi haka sai su nema, shugaban wurin kuma dole ya ba da amsa cikin kwana 10. A namu taron, a rubuta sallar da wa'azin cikin tsarin ayyuka, a kuma ambaci lasifika idan za a yi amfani da ita.

Mai Tanti:
Don kada a ce duk mun taru a kan Kawu, bari in faɗi abin da ya same ni. Shekarun baya na nemi wa wata tawagar masu tafiyar ƙafa izini a wani ofishi da ba zan ambata ba. Na aika takardu a kan lokaci, aka yi shiru wata biyu, da na kira sai aka ce wanda ke kula da sashen ya bar aiki, ba a kawo madadinsa ba, fom ɗina yana kan teburinsa. Dole muka ɗage tafiyar, wasu suka yi asarar kuɗin jirgi. Ba mugunta ba ce, ƙarancin ma'aikata ne, amma wanda ya yi asara bai damu da sunan dalilin ba. Tun daga ranar na daina aika fom kafin in yi magana da mutum. Ka kira, ka nemi jami'in da ke tsara harkokin shaƙatawa, ka faɗa masa gaskiyar adadinku, sau da yawa shi zai nuna maka wurin da ƙasarsa ta riga ta taurare da sawun motoci, inda ba sai an yi dogon bincike ba. A Janairun 2025 ma an sa hannu a wata sabuwar doka mai suna EXPLORE da ta taɓa tsarin waɗannan izini don sauƙaƙa shi, saboda haka kada a dogara da tsohuwar takardar bayani da aka tsinta a intanet.

Akwai kuma hanya ta biyu idan BLM ta ce lokaci ya ƙure. A dajin da ke hannun Hukumar Dazuzzuka, adadin a fili yake: mutum 75 ko fiye, har da 'yan kallo, sai da izini. Amma idan taron ba na kasuwanci ba ne, izinin kyauta ne, ba a neman inshora, ana iya miƙa buƙata awa 72 kafin taro, kuma idan awa 48 ta wuce ba a ƙi ba, ana ɗauka an amince. Abin da suke nema shi ne mutum mai shekara 21 ko fiye ya sa hannu a madadin jama'ar. Sai dai su ma duk taron da aka sa wa kuɗin shiga na kasuwanci ne a wurinsu ko da ba riba ake nema ba, don haka a bayyana musu yadda karo-karon yake tun farko. Wanda ya yi taron ba izini kuwa yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin wata shida. A guji kuma yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin jeji tsantsa, domin can ko keke ba ya shiga, balle mota da janareta.

Hajiya Ma'aji:
Na yarda a raba tukunyar biyu, ko da yake zuciyata ba ta so ba, domin a jeji ne hannun mutane ya fi sakuwa. Matasa kuma su haƙura da kyautar kuɗi. Zan sayi kofi daga aljihuna, Sakatare ya tambaya ko wannan ya halatta.

Sakatare:
To madalla. Gobe da safe zan kira ofishin yankin, in faɗa musu mu 90 ne, kwana biyu, da yawan motoci, da banɗakunan haya, da tseren da babu kuɗi a kansa, in tambayi maganar kofin Hajiya da ta wutar girki, sannan in roƙi duk amsar da suka bayar su turo ta a rubuce. Sanarwar kuma ta tsaya a cikin wannan zaure. Yaya Mai Tanti, don Allah ka nemo mana wuri biyu a dajin tarayya mafi kusa, ko da za a buƙata. Abin da ya rage shi ne wanda zai sa hannu a madadin ƙungiya.

Kawu:
Har yanzu ina nan a kan bakana cewa wata shida ya yi yawa ga mutanen da kawai suke son su kwana a ƙasar da suke biya wa haraji, kuma zan rubuta wa ɗan majalisarmu in faɗa masa haka. Amma ba zan bari a tara yara 'yan ƙanana a jeji sannan jami'i ya zo ya tashe mu da tsakar dare ba. Ka kawo takardar, ɗana, ni zan sa hannu, na wuce shekara 21 ɗin tun kafin a haifi yawancinku. Ka dai tambaye su ko wanda ya sa hannu shi ne zai biya idan wani ya bar shara, don in san waɗanda zan sa wa ido.